Shida da Bakwai

A bayan Tsohuwar Kasuwa, inda masu albasa ke juye buhu,
akwai bangon wani sito da aka daina ajiya a ciki.
Nan Suwaiba ta jingina tsaninta.
Ta ɗebo laka daga Gulbin Rima a jarkoki biyu masu yankakken baki,
ta kwaɓa da toka da ragowar baba daga marina,
ta yaɓe bangon da tafin hannu.

Ba ta zana ido ba. Ba hanci, ba baki.
Da askar da ta saya a wurin jikan wani wanzami,
wanda ya koma sayar da katin waya,
ta riƙa tsaga lakar tun tana ɗanya:
bille a nan, kalangu a can,
'yar baka, fashin goshi,
zanen Kabawa, zanen Zamfarawa.
Mutum ɗari a bango ɗaya,
kowa da abin da aska ta bar masa kawai.

Wani mai amalanke ya ce, "Wanga aikin banza na."
Wata tsohuwa mai fura ta sauke ƙwaryarta,
ta ɗora yatsa kan wani layi, ta ce, "Wanga Modi na,"
ta ɗauki kayanta ta wuce.

Ni don kakata na zo, Tumba,
Bagobira mai daddawa daga Sabon Birni,
wadda na shekara tara ina kwana a ɗakinta.
Suwaiba ta waiwayo daga kan tsani:
"Shida da bakwai, na sani. A wane kunci bakwai ɗin suke?"

Na buɗe baki.
Warin daddawa a zanenta ya zo,
tarinta na asuba ya zo,
har akuyarta da take kira da sunan mutum.
Kuncin ya ƙi zuwa.
Na kira yayata a Gusau, ta ce dama.
Na kira kawu, ya ce hagu, ya rantse,
sannan ya ce in ba shi zuwa jibi.
Hotonta ɗaya ne a gidanmu,
kuma daga fuska gara ta fara.

"Zaɓi," in ji Suwaiba, "laka na bushewa."
Na ce dama.
Ta ja bakwai, a hankali, kamar mai gudun kada ta ji zafi.

Na shafa kuncina, sumul kamar bayan ƙwarya.
Babana ya hana a yi mini,
ban kuwa ce ya yi kuskure ba.
Sai dai in na faɗi a wata tasha mai nisa,
katin roba a aljihuna ne zai faɗi garinmu.

Na ce mata ta shafa wani abu, ko fenti ko siminti,
ga hadari na haɗowa ta gabas tun jiya.
Ta yi dariya tana wanke aska a bokiti.
"Fatar da aka yi wa na ainihin, yanzu tana ina?"

Daren Talata ruwa ya sauka.
Da safe bango ya koma bango.
Laka ta bi kwata tare da ɓawon albasa da ledoji,
ta nufi gulbin da aka ɗebo ta.
Can ƙarƙashin indararo da ya karye, layi uku sun tsira,
ban san na waye ba.
Na ƙirga su sau biyu.

A bayan ɗan kabu-kabu, muna zagaya shataletale,
abin ya faɗo mini:
kaina a cinyarta, fitilar ƙwai na hayaƙi,
ina bin layukan da yatsa, tana ture mini hannu,
bakwai ɗin suna ɓangaren ƙofa.
Na kusa cewa yaron ya juya.
Sai na kasa tuna inda take fuskanta in ta zauna,
gabas ko yamma.
Na ce masa mu je kawai.